NAZARI: Addinin ɗan takara da ƙuri'ar ɗan ƙasa, daga zaɓen 1993 zuwa na 2023

Ranar 10 ga Yuli, 2022, bayan ya kai wa Shugaba Muhammadu Buhari gaisuwar Babbar Sallah a Daura, Bola Ahmed Tinubu ya shaida wa manema labarai cewa Sanata Kashim Shettima ne zai zama abokin takararsa a jam'iyyar APC. Kafin gari ya waye, maganar ta bar Daura ta shiga masallatai da majami'u da ofisoshin Sakatariyar Tarayya. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta fito fili ta yi watsi da tikitin. Manyan 'yan jam'iyyar daga cikin Kiristocin Arewa, irin su tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal da tsohon Kakakin Majalisar Wakilai Yakubu Dogara, suka ja daga. A ɗaya ɓangaren kuma, wasu malamai suka hau mumbari suna kiran jama'a su ɗauki tikitin Musulmi da Musulmi a matsayin aikin addini.

Wannan ce-ce-ku-ce ta sake tono wata tsohuwar tambaya da ba ta taɓa barin siyasar ƙasar nan ba: shin ya dace mai jefa ƙuri'a ya duba addinin ɗan takara kafin ya dangwala masa? Idan kuma ɗan takarar ya ce shi ba ya bin kowane addini, hakan ya isa ya zama dalilin juya masa baya? Yanzu da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, tambayar ta dawo, kuma ya kyautu a dube ta da idon basira tun kafin ƙura ta tashi.

Abin da doka ta tanada

Kundin Tsarin Mulki na 1999 bai bar wata kafa ba a kan wannan batu. Sashe na 131 ya jera sharuɗɗan tsayawa takarar Shugaban Ƙasa guda huɗu: mutum ya kasance haifaffen ɗan Najeriya, ya cika shekara 35 bayan gyaran da aka yi a 2018, ya kasance ɗan wata jam'iyya da ta tsayar da shi, sannan ya yi karatu aƙalla zuwa matakin kammala sakandare. Babu addini a cikinsu. Sashe na 10 ya hana Gwamnatin Tarayya da ta kowace jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati. Sashe na 38 ya bai wa kowa 'yancin tunani da na addini, har da 'yancin sauya shi, yayin da Sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa.

Jam'iyyu ma an ɗaure su. Sashe na 222 ya ce tilas ƙofar jam'iyya ta kasance a buɗe ga kowane ɗan ƙasa, kuma kada sunanta ko tambarinta ya ɗauki alamar addini ko ƙabila. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana yaƙin neman zaɓe a wuraren ibada, ta kuma mai da tallata ɗan takara ko kushe shi da sunan addini laifin da ke iya jawo tara ko ɗauri. Duk wanda ya halarci huɗubobi da wa'azuzzukan watan Fabrairun 2023 ya san yadda aka yi wa wannan tanadi riƙon sakainar kashi.

Sai dai duk waɗannan dokoki gwamnati da jam'iyyu da masu kamfe suka ɗaure. Ba su shiga zuciyar mai zaɓe ba, kuma ba za su iya ba. Idan mutum ya shiga rumfa shi kaɗai da takardar ƙuri'a, babu mai tambayarsa dalilinsa. Saboda haka maganar ta tashi daga hannun lauyoyi, ta koma kan hankali da lamirin kowane ɗan ƙasa.

Lokacin da addini bai yi tasiri ba

Masu cewa 'yan Najeriya ba su taɓa zaɓe ba sai da addini suna mantawa da tarihi. A zaɓen 1979, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya ɗauki Philip Umeadi, Kirista kamarsa, kuma ɗan Kudu kamarsa. Dakta Nnamdi Azikiwe na NPP ya ɗauki Farfesa Ishaya Audu, tsohon shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma Kirista. Dukkansu sun sha kaye a hannun Alhaji Shehu Shagari da Alex Ekwueme, amma muhawarar wancan lokaci ta fi karkata ga yanki da ƙabila da aƙidar jam'iyyu.

Babban misali shi ne 12 ga Yuni, 1993. Jam'iyyar SDP ta tsayar da Cif M.K.O. Abiola, attajirin da aka sani da gina masallatai da hidimar Musulunci, ya kuma ɗauki Ambasada Babagana Kingibe, Musulmi daga Borno. Abokin karawarsa na NRC, Alhaji Bashir Tofa, ya bi tsarin da aka saba, ya ɗauki Sylvester Ugoh, Kirista daga Kudu maso Gabas. Alƙaluman da suka fito daga baya sun nuna Abiola ya samu ƙuri'a fiye da miliyan 8, kusan kashi 58 cikin 100, ya ci jihohi 19 daga cikin 30. Ya yi nasara a jihohin da Kiristoci suka fi yawa irin su Filato da Binuwai, ya kuma kayar da Tofa a Kano, mahaifarsa. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen, amma ba ta iya soke darasinsa ba.

Me ya sa hakan ta yiwu? Jama'a sun gaji da mulkin soja da raɗaɗin shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Jam'iyyu biyu kacal ne, kowacce da reshe a kowace ƙaramar hukuma, don haka babu wadda za a kira ta wani addini. Abiola kansa ya shafe shekaru yana rabon alheri a kowane lungu ba tare da tambayar alƙiblar mai karɓa ba. Mutane sun san shi da halinsa tun kafin su san shi da takara.

Lokacin da ya yi tasiri

Shekara talatin tsakanin 1993 da 2023 ba su wuce a banza ba. A cikinsu aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Zamfara ƙarƙashin Gwamna Ahmed Sani Yariman Bakura, wasu jihohin Arewa 11 suka bi sahu. A cikinsu aka yi rikicin Kaduna na 2000, da na Jos daga 2001, da tayar da ƙayar bayan Boko Haram daga 2009. Bayan zaɓen 2011, wanda Buhari ya tsaya tare da Fasto Tunde Bakare ya kuma ci jihohin Arewa 12, tarzomar da ta ɓarke ta ci rayuka fiye da 800 a ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch. Ruwa ba ya tsami banza. Mai zaɓen da ya binne ɗan'uwansa a irin waɗannan fitintinu ba zai saurari tikitin addini ɗaya da kunnen 1993 ba.

Sakamakon 25 ga Fabrairu, 2023 ya nuna haka. Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, sai Rabi'u Musa Kwankwaso 1,496,687. Wanda ya yi nasara bai kai kashi 37 cikin 100 ba. Obi ya lashe Filato, duk da cewa gwamnan jihar na lokacin, Simon Lalong, shi ne daraktan yaƙin neman zaɓen APC. Ya lashe Nasarawa, ya kuma lashe Babban Birnin Tarayya da rata mai yawa, inda Tinubu bai samu ko kashi ɗaya cikin huɗu ba. A nan Abuja, inda ma'aikata daga kowace jiha ke zaune gida ɗaya, an ga yadda rumfunan wasu unguwanni suka rabu kamar an ja layi.

Amma taswirar ba ta bi addini sau da ƙafa ba. Binuwai, wadda Kiristoci suka fi rinjaye a cikinta, ta zaɓi Tinubu da Shettima, a shekarar da ta ɗora limamin Katolika, Rabaran Fada Hyacinth Alia, a kujerar gwamna ƙarƙashin APC. Akwa Ibom da Bayelsa sun zaɓi Atiku, Musulmi, alhali ga Obi a kan takarda. Katsina da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Yobe da Bauchi da Gombe sun bar tikitin Musulmi biyu, suka zaɓi Atiku mai mataimaki Kirista, Ifeanyi Okowa. Kano ta bi Kwankwaso, wanda abokin takararsa, Isaac Idahosa, bishop ne. Addini ya yi aiki a zaɓen, amma ya yi shi ne tare da jam'iyya da yanki da ƙarfin gwamnoni da fushin matasa.

Hujjar masu duba addini

Ba adalci ba ne a ɗauki duk mai la'akari da addini a matsayin jahili ko mai tsattsauran ra'ayi. Yana da hujjoji biyu da suka cancanci amsa.

Ta farko ita ce wakilci. Daga 1999 zuwa 2023 an riƙa haɗa Musulmi da Kirista a Fadar Shugaban Ƙasa: Obasanjo da Atiku, 'Yar'aduwa da Jonathan, Jonathan da Namadi Sambo, Buhari da Osinbajo. Babu dokar da ta wajabta hakan. Sashe na 14(3), wanda aka gina Hukumar Raba Daidai a kansa, jihohi da ƙabilu da ɓangarori ya ambata, bai kira sunan addini ba. Al'ada ce aka yi domin kowa ya ga nasa a ɗakin da ake yanke shawara. Kiristan Kudancin Kaduna ko na Borno da ke jin an mai da shi saniyar ware yana da haƙƙin tambayar wa zai ɗaga wayarsa ranar da aka kai wa ƙauyensu hari. Musulmin Kudu maso Gabas ko na Filato yana da irin wannan haƙƙin. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san cewa takarda na tafiya da sauri idan akwai mai bibiyarta a sama.

Ta biyu ita ce manufa. Aƙidar shugaba kan shiga ayyukansa. Shigar Najeriya Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC a 1986, da muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Majalisar Tsara Kundin Mulki ta 1978, da taƙaddamar bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa a 2011, duk batutuwa ne da imanin masu mulki ya taɓa. Mai zaɓe na da cikakken 'yancin tambayar ɗan takara matsayinsa kan manhajar makarantu, dokokin aure da gado, filayen gina wuraren ibada, da kuɗin da gwamnati ke kashewa a hukumomin alhazai da na masu ziyarar ibada ta Kirista.

Inda hujjar ke rauni

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗauki sunan addini ya tsaya a madadin amsar waɗannan tambayoyi. Carbi a hannu ko zama a sahun gaba na coci abu ne da kowane ɗan siyasa zai iya tanada cikin mako guda, kuma suna tanadarsa duk kakar zaɓe. Abin da ba a iya tanada cikin gaggawa shi ne tarihin riƙon amana, domin hali zanen dutse ne.

Kundin kotunan Abuja ya isa shaida. Jolly Nyame, malamin coci da ya mulki Taraba, an yanke masa ɗaurin shekara 14 a 2018 kan karkatar da dukiyar jihar, kafin a yi masa afuwa a 2022. Farouk Lawan, ɗan majalisa daga Kano da ya jagoranci binciken badaƙalar tallafin mai, an ɗaure shi a 2021 kan karɓar cin hanci. A shekarar ce kuma aka yanke wa Abdulrasheed Maina ɗaurin shekara takwas kan kuɗin 'yan fansho. Tsofaffin ma'aikatan da suka mutu suna jiran haƙƙinsu sun haɗa da Musulmi da Kirista, kuma ba a tambayi ko ɗayansu addininsa ba kafin a cinye masa gumi.

Haka abin yake a ɓangaren manufofi. Da aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da Naira 500 cikin 'yan kwanaki. Ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba ko Suleja ko Gwagwalada ya biya sabon kuɗin mota, ko wa ya zaɓa. Da aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a Yulin 2024, shi ma bai zo da rukunin addini ba. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko yana adawa da su, su ne suka sauya rayuwarsa, kuma su ne aka fi ƙarancin tattaunawa a kansu a kan mumbari kafin zaɓe.

Tsoron da aka yi na cewa za a rufe wa Kiristoci ƙofa ma bai tabbata yadda aka zata ba. George Akume ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya, Godswill Akpabio Shugaban Majalisar Dattawa, Janar Christopher Musa daga Kudancin Kaduna ya zama Babban Hafsan Tsaro a 2023, Nyesom Wike kuma Ministan Abuja. Waɗanda suka yi tsammanin tikitin zai kawo wa Musulmin Arewa sauƙi na musamman, su ma jiki magayi.

Masu karatun tarihin ƙasar Hausa sun san wannan darasi tun da daɗewa. Sarakunan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki mulkinsu a Kitabul Farƙi suna amsa sunan Musulunci. Abin da ya lissafa a kansu shi ne harajin zalunci, ƙwacen dukiyar talakawa da karɓar gaisuwa kafin a yi wa mutum shari'a. Tun kafin nan, Musulmin farko da aka tsananta wa a Makka sun sami mafaka ne a wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, saboda an san shi da adalci.

Wanda ba shi da addini fa?

A nan ne tambayar ta fi tsauri. A doka, wanda bai yarda da samuwar Ubangiji ba, wato mulhidi, yana da 'yancin tsayawa kowace takara. A aikace, babu wata babbar jam'iyya da za ta yi gangancin tsayar da shi. Gabatarwar Kundin Tsarin Mulki ta ambaci Ubangiji, rantsuwar kama aiki ma da neman taimakonsa take ƙarewa, kuma da wuya a buɗe taron gwamnati ba da addu'a biyu ba. Shari'ar Mubarak Bala, wanda Babbar Kotun Kano ta yanke wa ɗaurin shekara 24 a Afrilun 2022 kan rubuce-rubucensa a Facebook da aka ɗauka ɓatanci ne ga addini, kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa shekara biyar, ta nuna zafin da batun ke da shi. Ya kamata dai a bambance abu biyu: rashin imani, wanda ke tsakanin mutum da zuciyarsa, da cin zarafin abin da wasu ke girmamawa, wanda ke shafar zaman jama'a.

Masu ƙin irin wannan ɗan takara kan ce wanda ba ya tsoron hisabi babu abin da zai hana shi cin amana. Damuwa ce ta gaskiya ga mai imani. Amma tarihin ƙasar nan ya ba da misalin da ke sa a dakata. Marigayi Tai Solarin, wanda ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, bai taɓa ɓoye cewa ba ya bin addini ba. Duk da haka sunansa ya zama abin misali wajen gudun duniya da faɗa wa masu mulki gaskiya, har gwamnatin Babangida ta damƙa masa shugabancin Bankin Al'umma a 1989, kuma a yau akwai jami'ar horar da malamai da ke ɗauke da sunansa a Jihar Ogun. Mutum ɗaya ba ya zama hujja a kan kowa. Abin da rayuwarsa ta nuna shi ne ana gane mai amana ne ta hanyar bin sawunsa, kuma wannan ma'auni ɗaya ne ga mai addini da marar shi.

Darasi daga Dakar da Beirut

Ƙasashe biyu sun bi hanyoyi mabambanta. Senegal, inda Musulmi suka haura kashi 90 cikin 100, ta yi shekara ashirin, daga 1960 zuwa 1980, ƙarƙashin Léopold Sédar Senghor, ɗan Katolika. Manyan shehunan Muridiyya da Tijjaniyya ne suka mara masa baya, har a kan abokin hamayyarsa Musulmi, Lamine Guèye, saboda ya kula da manoman gyaɗa da ke bin su, ya kuma girmama su. Ya sauka da kansa ya miƙa wa Abdou Diouf, kuma har yau soja ba su taɓa kifar da gwamnati a ƙasar ba.

Lebanon kuwa ta raba kujeru bisa addini tun yarjejeniyar 1943: Shugaban Ƙasa Kirista ɗan ɗariƙar Maroniyawa, Firaminista ɗan Sunni, Kakakin Majalisa ɗan Shi'a. Tsarin bai hana yaƙin basasa na 1975 zuwa 1990 ba, kuma daga Oktoban 2022 zuwa Janairun 2025 ƙasar ta zauna babu shugaba saboda ɓangarorin sun kasa daidaitawa. Rabon kujeru kan kwantar da hankali na ɗan lokaci, amma idan ya zama shi kaɗai ne ma'auni, kowane shugaba sai ya koma wakilin ɗariƙarsa, kuma mabiyansa ba sa iya tuhumarsa don kada a ce sun tona asirin gida.

Tambayoyin da suka fi amfani

Babu mai hankalin da zai ce wa Musulmi ko Kirista ya ajiye imaninsa a ƙofar rumfar zaɓe. Imanin ne ya koya masa ƙyamar zalunci da sata da ƙarya, don haka shi ya fi dacewa ya zama sikelin da zai auna 'yan takara, har da na gidansu. Wanda ya taɓa riƙe jiha ko ma'aikata, ya biya albashi da fansho a kan kari? Yaya ya yi da marasa rinjaye a inda yake da iko: ya ba su filin ibada, ya naɗa su muƙamai, ya je musu jaje? Da rikici ya tashi, ya hukunta mai laifi ko da ɗan addininsa ne? Su wa ke kewaye da shi? Amsoshin nan suna cikin kasafin kuɗi da rahotannin Babban Mai Binciken Kuɗi da bakin ma'aikatan da suka yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ma'aikatan tarayya da hadiman masu mulki sun fi kowa sanin waɗannan amsoshi, domin ta teburinsu takardun ke wucewa. Sun ga ministan da ba ya wasa da salla amma yana zaune a kan takardar ƙarin girman na ƙasa da shi, sun kuma ga babban sakataren da ba addininsu ɗaya ba ya tsaya musu har haƙƙinsu ya fito. Su ne kuma idan sun je gida hutun Sallah ko Kirsimeti, dangi ke zagaye su ana tambayar wa za a zaɓa, tunda su ne 'yan Abuja. Abin da za su faɗa a waɗannan zaurukan kafin 2027 zai yi nisan da tallan jam'iyya ba zai kai ba, kuma zai fi amfani idan suka ba da labarin abin da idonsu ya gani a ofis.